Rigar gawayi da hancin barewa

Duk shekara idan kaka ta kama a Amurka da Kanada, ganye ya fara zuba, miliyoyin maharba ne ke shiga daji neman barewa mai farar wutsiya. Da yawansu, musamman masu kwari da baka, ba bin ta suke yi ba. Dako suke yi mata. Mutum zai ɗaure ɗan dandamali a jikin bishiya, mita 5 ko 6 daga ƙasa, ya haye tun da duhun asuba, ya zauna tsit yana jiran ta ɓullo ta hanyar da ta saba bi. Mai bindiga yana iya harbi daga mita 100 ko fiye. Mai baka kuwa sai ta matso sosai, galibi ƙasa da mita 30. A wannan ɗan tsakanin idonta da kunnenta abin shakka ne, amma akwai maganinsu: kar ka motsa, kar ka yi tari, kar kibiyarka ta bugi ƙarfe. Hancinta ne ya gagari kowa, domin mutum yana iya daina motsi na awa guda, amma jikinsa ba ya daina fitar da wari ko na daƙiƙa ɗaya.

Wannan damuwa ce ta haifar da kasuwa. A farkon shekarun 1990 wani kamfani a garin Muskegon na jihar Michigan ya fito da tufafin farauta masu suna Scent-Lok, waɗanda aka shimfiɗa sarrafaffen gawayi a cikin yadinsu. Ba a daɗe ba aka ga ScentBlocker da makamantansa, manyan kantunan kayan farauta irin su Cabela's su ma suka shiga sayarwa. Riga, wando, safar hannu, hular da ke rufe fuska, komai da nasa, kuma kafin mutum ya haɗa saiti cikakke ya kashe ɗaruruwan daloli. Alkawarin da aka yi wa maharbi shi ne gawayin zai cafke warin jikinsa tun bai fita ba. Har akwai tallar da ta ce masa ya manta da batun iska, ya yi farautarsa kawai.

Fiye da shekara 30 ke nan ana jayayya a kan wannan alkawari, kuma a ganina abin da ya hana musun mutuwa shi ne masu yinsa ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Wani yana magana ne a kan yadin, ko yana kama wari. Wani a kan mutumin da ke cikin rigar, ko nawa ne ya ragu daga warinsa gaba ɗaya. Na uku kuma barewar yake kallo, ko abin da ya rage ya isa ta gane. Kowannensu yana iya faɗin gaskiya, su kuma tashi ba su daidaita ba.

Batun yadin shi ya fi sauƙi, kuma a nan masu sayarwa ba ƙarya suke yi ba. Sarrafaffen gawayi ba abin wasa ba ne. Ana yin sa daga ɓawon kwakwa ko kwal ko itace, a ƙona shi inda iska ba ta shiga, sannan a bi shi da tururi mai zafin da ke kai digiri 800 zuwa 1,000 a ma'aunin Salshiyos. Tururin yana huda shi da ƙananan ƙofofi marasa adadi, har ya zama idan za a baje bangon ƙofofin da ke cikin giram ɗaya tak, filin zai iya haura murabba'in mita 1,000. Ƙwayoyin sinadarai masu tashi a iska idan suka ratsa ta ciki sai su manne a wannan bango. Da shi masanin sinadarai na Rasha Nikolay Zelinsky ya ƙera abin rufe fuska na kare sojoji daga iskar guba a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, kuma har gobe akwai shi a rigunan da sojoji ke sawa idan ana fargabar makami mai guba. Yana cikin matatar ruwan sha, likitoci kuma suna ba da shi ga wanda ya haɗiyi wasu nau'o'in guba.

Sai dai gawayi ba ya zaɓe. Bai san warin hammata daga warin fetur ba. Tun ranar da aka ɗinka rigar yake ta kwasar duk abin da ke yawo a iskar masana'anta da ta kanti da ta cikin mota, kuma duk gurbin da ya cika ya cika ke nan. Rigunan sojoji a rufe suke zuwa cikin leda mara shigar iska, kuma da zarar an buɗe akwai iyakar kwanakin da aka yarda a yi amfani da su. Rigar maharbi kuwa shekaru ake so ta yi. Ga kuma danshi. Idan iska ta yi laima sosai, tururin ruwa yakan mamaye ƙofofin ya rage wa gawayin ƙarfi, kuma ba inda ya kai ƙarƙashin rigar mutumin da ya yi tafiyar kilomita ɗaya ɗauke da kaya, ya kuma hau bishiya, laima. Sannan gawayi ya fi riƙe manyan ƙwayoyi, ƙanana masu sauƙi irin su amoniya ba sa zama a jikinsa sosai.

Amsar kamfanonin ita ce a jefa rigar a injin busar da kaya na minti 30 zuwa 40 da zafi, sai gawayin ya saki abin da ya kama. A masana'antu, idan ana so a farfaɗo da gawayin da ya cika, tanderu ake kai shi mai zafin ɗaruruwan digiri, wanda da riga ce ta shiga sai dai a kwashi toka. Injin busar da kaya na gida da ƙyar yake wuce digiri 70. Wannan ɗumin yana korar ruwa da wani kaso na ƙwayoyin da ba su kama da ƙarfi ba, ya buɗe wasu guraben, don haka ba aikin banza ba ne ɗungurungum. Amma masu nauyin suna nan daram, kuma kowane zagaye rigar tana ɗan ja baya.

To mu ɗauka ma rigar sabuwa ce dal, gawayinta bai taɓa komai ba. Daga ina warin mutum yake fitowa? Gumi kansa kusan ba shi da wari lokacin da yake tsatsowa. Bakteriyar da ke zaune a fata, musamman a hammata da matsematsi, su ke cinye abin da ke cikinsa su fitar da sinadaran da hanci ke ji. Wannan kam riga tana iya tarewa. Amma fata ba ita kaɗai ba ce. Wani nazari da aka wallafa a 2014, wanda ya tattara binciken da aka yi kafinsa, ya lissafo sinadarai masu tashi a iska har 1,840 da aka gano suna fita daga jikin lafiyayyen mutum, 872 daga cikinsu a numfashi, 532 a abin da fata ke fitarwa. Baligi a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kowane numfashi kusan rabin lita. A safiya mai sanyi maharbi da idonsa yake ganin hucin bakinsa yana tashi yana bin iska, kuma wannan hucin ba ta cikin riga ya biyo ba. Hular gawayi mai rufe baki tana ragewa, amma iskar da aka huro da ƙarfi hanyar da ta fi sauƙi take bi, ta gefen kunci da saman hanci.

Rigar ma ba leda ba ce. Tana da wuya, tana da hannu, tana da ƙugu da zik. Duk lokacin da mutum ya ɗaga hannu ko ya ja baka, yadin yana matsewa ya saki, iska mai ɗumi ta fito ta wuyan rigar ba tare da ta gaisa da gawayin ba. Ga gashin kai, ga ɓurɓushin matacciyar fata da ke zuba ba fasawa, ga jakar baya, ga igiyar ɗaure jiki da ta sha gumin bara, ga bakan da aka yini ana shafawa da hannu.

Ɗan lissafi zai nuna inda gizo ke saƙar. Ba alƙaluman bincike ba ne, misali ne kawai. A ce rabin warin maharbi ta cikin yadi yake bi, ɗaya rabin kuma ta numfashi da wuyan riga da kayan aiki. A ce kuma yadin ya tare kashi 99 cikin 100 na abin da ya biyo ta cikinsa. Abin da ya fita duniya shi ne kashi 50 da rabi na warin farko. Ko da an ce kashi 10 kacal ne ke zillewa ta gefe, ragowar ta kusa kashi 11. Wato ba ingancin yadin ne ke yanke hukunci ba, girman ɓarakar ne. Alƙaluman da ake bugawa a talla kuwa yawanci daga gwajin ɗakin bincike suke, inda ake tura iska mai wari ta ratsa ƙyallen yadi da aka ɗaure gam, ba wuya ba hannu.

Yanzu ga wadda ake yi dominta. Adadin da mujallun farauta suka saba maimaitawa shi ne barewa mai farar wutsiya tana da ƙwayoyin jin wari miliyan 297 a hancinta, kare miliyan 220, mutum kuma wajen miliyan 5. Ko mutum bai rantse da waɗannan lambobi ba, tsarin jikin dabbar ya isa shaida. Dogon hancinta cike yake da siraran ƙasusuwa naɗaɗɗu da ke faɗaɗa filin da iska ke shafa. Tana yawan lasar hancin ya zauna da danshi, ƙwayoyin wari su fi kamuwa. A dasashinta na sama akwai wata gaɓa ta daban da ke ɗanɗanar sinadarai, ita ce namiji ke amfani da ita idan ya shinshini fitsarin mace ya ɗaga kai ya murɗe leɓe a lokacin barbara, wanda a jihohin arewa yake kamawa cikin Nuwamba. Jikinta kuma yana da wuraren fitar da wari a goshi, da gaban ido, da cikin gwiwar ƙafar baya, har da tsakanin kofato. Da wari suke sanin wa ya wuce, yaushe ya wuce, da halin da yake ciki. Dabbar da zamanta da 'yan'uwanta ya ginu a kan haka, hancinta ba na ado ba ne.

An auna karnuka a ɗakin bincike an ga suna gane wani sinadari ko da bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin tiriliyan na iska ba. Idan hanci ya kai nan, raba wari gida biyu ba wani sauyi ba ne. Hanci ba ya lissafi irin na sikeli, wanda in ka cire rabi allura za ta koma rabi. Sai an rage abu ninki goma, ko ɗari, ko dubu kafin a fara maganar ya kusa ɓacewa.

Wahalar ita ce ba a iya tambayar barewa. Ba za ka ce mata ta ɗaga ƙafa idan ta ji mutum ba. Shi ya sa gwajin da aka fi kafa hujja da shi da karnuka aka yi. A 2002 John Shivik, mai bincike a cibiyar nazarin namun daji ta Ma'aikatar Noma ta Amurka da ke jihar Colorado, ya wallafa sakamakon wani gwaji a mujallar Wildlife Society Bulletin. Ya yi amfani da karnuka 7 da aka horar wajen neman mutanen da suka ɓata. Aka riƙa ɓoye mutane a fili, wani lokaci cikin rigar gawayi, wani lokaci cikin kayan yau da kullum, sau 21 kowanne. Karnukan sun gano masu kayan yau da kullum duka 21, masu rigar gawayi kuma 20 cikin 21. Wajen lokacin da suka ɗauka da nisan da suka fara jin mutum, bai ga bambancin da za a dogara da shi ba. Yanayin iska da na sararin sama ya fi rigar tasiri a kan aikin karnukan.

Ya kamata a yi wa wannan gwaji adalci ta fuska biyu. Ƙaramin gwaji ne, kuma da rigunan wancan zamani aka yi shi. Sannan kare mai neman mutum da gangan yake nema, an horar da shi ya bi ɗan ƙanƙanin wari har tushensa don ya samu lada, ita kuwa barewa kiwonta take yi. Amma ta ɗaya fuskar, karen don wasa da lada yake yi, barewa kuwa ranta ne a kai. Kuma duk da yawan kuɗin da ke cikin wannan kasuwa, hujjar da ake kawowa don kare rigar har yanzu ta fi karkata ga gwajin ƙyalle da labarin masu saye.

Maganar ta je har kotu. A 2007 wasu maharba a jihar Minnesota suka maka kamfanin A.L.S. Enterprises, mai Scent-Lok, tare da kantunan Cabela's da Gander Mountain, suna zargin an yaudare su da talla. A watan Mayun 2010 alƙalin kotun tarayya Richard Kyle ya yanke cewa tallar da ke cewa tufafin suna kawar da wari ƙarya ce a zahirinta, tunda masanan ɓangarorin biyu sun yarda ba sa kawar da shi duka, haka ma iƙirarin cewa injin busar da kaya yana mayar da gawayin kamar sabo. Ya hana a ci gaba da irin wannan talla. A watan Agustan 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta takwas ta soke wannan hani. Daga cikin dalilanta akwai cewa da wuya a samu maharba da yawa da za su ɗauka wani kaya zai share kowace ƙwayar warin ɗan'adam, ta kuma yi nuni da gwajin masanin kamfanin da ya nuna yadin yana tare kashi 96 zuwa 99 cikin 100 na sinadaran warin da aka gwada.

Kowane ɓangare ya tafi da abin da ya yi masa daɗi. Masu suka suna ambaton hukuncin 2010, masu sayarwa suna ambaton kashi 99. Amma shari'ar a kan talla aka yi ta, da abin da mai saye zai fahimta daga gare ta. Ba alƙalin da aka nemi ya faɗi ko barewar da iska ta kai mata warin mai rigar gawayi daga mita 40 za ta tsaya ko za ta arce, kuma ba wanda ya faɗa.

Hujjar masu goyon bayan rigar da ta fi ƙarfi ba ta cewa barewa ba za ta ji ba. Cewa take za ta ji, amma kaɗan, kuma kaɗan ɗin yana iya sauya shawararta. Wannan ba shirme ba ne. Barewa mai farar wutsiya, wadda aka kusa ƙarar da ita a farkon ƙarni na 20 har ta koma 'yan dubu ɗari, yanzu an ƙiyasta ta kai wajen miliyan 30 a Amurka, kuma da yawa a bakin gonakin masara da waken soya da bayan gidajen mutane suke rayuwa. Kullum suna shaƙar warin manomi da mai yawo da kare da mai gyaran shinge. Da a ce duk warin mutum gudu suke yi masa, da ba su ci abinci ba. Dole suna auna ƙarfinsa: wannan na nesa ne, wannan na jiya ne, wannan kuwa yana nan kusa yanzu. Idan maharbin da ke mita 30 warinsa ya zo da rauni kamar na wanda ke mita 200, mai yiwuwa ta ɗaga kai, ta yi jim, ta ci gaba da tafiya a ɗarare maimakon ta buga ƙafa a ƙasa ta yi wannan hucin mai ƙara da ke sanar da duk dajin. Ga mai baka, daƙiƙa 5 na shakka suna iya isa.

Na yarda da wannan tunani a matsayin abin da zai iya faruwa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce labarin maharba ya tabbatar da shi. Duba yadda shaidar take zuwa. Mutum ya sa rigar, barewa ta biyo ta inda iska ke kai warinsa, ba ta firgita ba, sai ya ce riga ta yi aiki. Amma yana bisa bishiya mita 6, kuma da safe iska mai ɗumi sama take yi, mai yiwuwa warin ta saman kanta ya wuce. Ko kuma ƙaramin namiji ne ɗan shekara ɗaya da rabi da barbara ta rufe wa ido. Waɗanda suka ji shi tun daga mita 150 cikin kurmi suka juya salin alin kuwa, bai gan su ba balle ya ƙirga. Tsohuwar barewa ba kullum take huci ba, sau da yawa sulalewa kawai take yi. Maharbi nasarorinsa yake gani, asararsa a ɓoye take wucewa.

Akwai kuma wani abin da ke rikita lissafin. Wanda ya zuba ɗaruruwan daloli a riga ba ya tsayawa nan. Sai ka ga ya fara wanka da sabulu mara ƙamshi, yana adana kayan cikin akwati rufaffe, ba ya sa su sai ya isa bakin daji, ya daina tsayawa gidan mai da takalmin farauta a ƙafa, yana tafiya a hankali don kada ya yi gumi. Duk waɗannan suna rage wari ko da rigar auduga ce. Idan ya ga sauyi, rigar yake yaba wa, alhali ta yiwu babban aikinta shi ne ta mayar da shi mutum mai kula.

Iska kuwa ba ta buƙatar a yi mata gwaji. Ƙwayar wari ba ta da ƙafa, inda iska ta kai ta nan take zuwa. Barewar da ke ɓangaren da iska ke fitowa ba za ta ji maharbi ba ko da ya kwana bakwai bai yi wanka ba, domin babu abin da ya isa hancinta. Fred Bear, wanda ya kafa kamfanin Bear Archery a Michigan ya kuma yi suna a farauta da baka tun kafin a san rigar gawayi, da rigar yadi mai gidan dara da hular malafa ake ganinsa a hotunansa. Shi da tsararrakinsa da iska suka yi aiki.

Sai dai karanta iska ya fi ƙarfin duba hasashen yanayi a waya. Abin da waya ke faɗa iskar sarari ce, a cikin daji kuwa tudu da kwari da gefen kurmi suna lanƙwasa ta. A ƙasa mai tuddai akwai kuma iskar da zafi da sanyi ke tuƙawa. Rana na dukan gangare da hantsi, iska ta ɗumama ta riƙa hawa tudu. Da yamma ƙasa ta huce, iska mai sanyi ta yi nauyi ta riƙa gangarowa tana bin kwari da rafi. Mutum yana iya zama a wuri ɗaya warinsa ya tafi sama da ƙarfe 9 na safe, ya dawo yana kwarara ƙasa da magariba, daidai lokacin da barewa ke fitowa kiwo. Ƙwararrun maharba sukan riƙe 'yar kwalbar hoda mara ƙamshi suna fesawa, wasu kuma sun fi son audugar wata ciyawa mai farin ƙaro da ke fitowa a can. Za ka ga mutum ya tsinko sili ɗaya ya saki daga bisa bishiya, ya bi ta da ido. Ta yi gaba mita 10, ta tsaya cak kamar mai tunani, ta nutsa ƙasa, sannan ta karkata hagu ta bi bakin rafi zuwa daidai hanyar da yake sa ran barewa za ta fito. Hoda a mita 2 take ɓacewa, amma wannan silin yana nuna masa duk tafiyar da warinsa ke yi. Mai hankali idan ya ga haka sauka yake yi ya sake wuri.

A nan ne rigar take da ɗan gurbinta na gaskiya, kuma a nan ne haɗarinta yake. A kwari mai zurfi ko ranar da iska ke juyawa ba tsayayyen gefe, ba mai iya kauce mata ɗari bisa ɗari, kuma rage wari ko yaya ya fi rashinsa. Amma wanda ya gaskata tallar nan ta manta da iska, ya hau bishiyar da bai kamata ya hau ba a ranar, ba wannan yinin kaɗai ya ɓata ba. Barewa tana koyo. Babban namijin da ya kai shekara 4 ko 5 a dajin da ake yawan farauta ya kai wannan shekarun ne don ba ya maimaita kuskure. Ya ji mutum sau ɗaya a wuri, sai ya koma bin wurin da dare ko ya sauya hanya, sauran kakar maharbi ya yi ta zaman jiran gawon shanu.

Akwai kuma warin da ake bari a ƙasa, wanda riga ba ta da ta cewa a kansa. Sawun takalmi, reshen da aka ture da hannu, ciyawar da ta shafi wando, duk suna riƙe wari na awoyi bayan mutum ya koma gida, kuma barewar da ta zo da tsakar dare za ta karanta su. Shi ya sa hanyar shiga da ta fita ke da nauyi daidai da wurin zaman, shi ya sa kuma da yawa suke sa dogon takalmin roba suna cusa ƙafar wando a ciki.

Sauran dabarun da suka biyo bayan gawayi duk a kan wannan ma'auni suke. Yadin da aka saƙa da zaren azurfa yana hana bakteriya yaɗuwa a jikin tufafin, don haka rigar ciki ba ta saurin tsami, amma ba ruwansa da numfashi. Na'urorin da ke fitar da iskar ozon, wani nau'in iskar oksijin mai kaifi, suna farfasa wasu sinadaran wari da gaske, sai dai ozon yana cutar da huhu idan aka shaƙe shi a rufaffen wuri, yana kuma cinye roba da lastik, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da igiya ce ke riƙe da shi a bisa bishiya. Turaren ɓad da sawu mai ƙamshin ƙasa ko na itacen fir kuwa, hancin da ke iya ware wari daban-daban a shaƙa ɗaya zai ji itacen ya kuma ji mutumin da ya shafa shi.

Idan maharbi yana da kuɗin, kuma rigar tana da ɗumi, ba ta ƙara idan ya motsa, ba abin da zai hana ya saya, ya kuma kula da ita yadda aka ce: a rufe, nesa da hayaƙin mota da na girki. Zai samu raguwar warin da ke bi ta yadi, wadda ba a auna tasirinta a kan barewa ta daji yadda zai gamsar ba, amma da wuya ta zama sifili. Idan kuwa kuɗin na abu ɗaya ne, dandamali na biyu da zai ɗaure a ɗaya gefen hanyar, don ya samu wurin zama ko iska ta yamma ce ko ta gabas, shi zai fi sa kwalliya ta biya kuɗin sabulu.